Raspberry Pi ɗina yana kai digiri 80 da rana, zai ƙone ne?

Aminu Ɗalibi: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman taimako. Ina da Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ke kan allo guda, na ɗora masa manhajar Kiwix domin yaran wata makaranta a unguwarmu nan Kano su riƙa karanta Wikipedia da littattafai ta Wi-Fi ba sai da data ba. Duk lokacin hunturu lafiya lau yake aiki. Amma daga shigowar Afrilu, da an yi azahar sai ya fara nauyi, wani lokaci ma shafi ya ƙi buɗewa sam. Na duba zafinsa da `vcgencmd measure_temp`. Da safe, babu kowa a kansa, 62 yake nunawa. Da rana in yara sun hau yana kai 80, har 82 na gani. A bidiyon Turawa kuwa nasu 45 zuwa 50 yake zama. Yana cikin gidan roba mai murfi, ɗakin kuma rufin kwano ne babu silin. Nawa ne ya samu matsala, ko haka suke? Kuɗin karo-karo aka sayo shi da su, kar in wayi gari ya ƙone in rasa bakin magana.

Nura Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam. Kai, 82? Cire shi daga wuta tukuna. Ni wayar da ta kai 50 a hannuna na san ta kusa kumbura. Gobe ka leƙo Farm Centre ko Beirut Road ka nemi ƙaramar fanka ka ɗora masa, shi ke nan.

Injiniya Bala: Nura, a hankali, kar ka tsorata yaro. Abin da ke kumbura a waya batir ne, shi kuwa Pi ba shi da batir. Batirin lithium ba ya son a yi masa caji sama da digiri 45, shi ya sa kake ganin 50 a matsayin bala'i, kuma a sana'arka gaskiyarka ne. Amma firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, wani abu ne daban. Na Pi 4 an ƙera shi ya yi aiki har 85. Da ya kai 80 yake fara rage gudunsa da kansa, in ya kai 85 ya ƙara ragewa sosai har zafin ya sauko. Ba zai ƙone ba, sai dai ya zama mai nawa. Aminu, kafin ka kashe ko sisi, ka jira lokacin da yake yin nauyin ka buga wannan ka turo mana abin da ya fito: `vcgencmd get_throttled`

Aminu Ɗalibi: To Injiniya, yanzu ma haka yake yi, ina wurin. Ga shi: throttled=0x50005. Zafin kuma 74 ne a halin yanzu.

Injiniya Bala: Ai ka ji. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A 74 zafi bai isa ya sa shi rage gudu ba, amma ga shi ya rage. Dubi lambar. Biyar ɗin ƙarshe tana faɗin abin da ke faruwa yanzu: 1 a haɗa da 4. Ɗaya na nufin wutar da ke shigo masa ta gaza, huɗu na nufin an danne gudunsa a wannan lokacin. Biyar ɗin farko kuma daidai wannan labari ne, amma tun daga lokacin da aka kunna shi. Wato wuta ce ba ta isarsa. Da me kake ba shi wuta?

Aminu Ɗalibi: Cajar waya ce, an rubuta 3A a jikinta. Wayar cajar kuma doguwa ce saboda soket ɗin yana da nisa, za ta kai mita biyu.

Mai Sola Sakkwato: Hahaha, an rubuta 3A. Ƙanena, rubutu ba ya da tsada. Araha ba ta ado. Mu da munka daɗe cikin harkar sola mun ga caja iri-iri, wata ko amfiya ɗaya da rabi ba ta iya riƙewa in ta ɗauki zafi. Kuma ka lura, da rana cajar ita ma tana cikin wannan ɗaki mai zafi, ga yara sun hau na'urar tana jan wuta da yawa. Abu biyu sun haɗu lokaci guda, shi ya sa ka ɗauka zafi ne kaɗai.

Injiniya Bala: Haka ne, kuma wayar ma ba ta tsira ba. Pi yana fara kukan ƙarancin wuta da zarar ta sauka ƙasa da bolt 4.63. Yi lissafi: siririyar waya mai tsawo, a ce juriyarta 0.2 om ce zuwa da dawowa. In na'urar ta ja amfiya 2, bolt 0.4 sun zube a hanya. Caja ta fitar da 5.0, Pi ya karɓi 4.6. Ka ga an riga an faɗa ƙasa da layi, alhali cajar ma ba ta yi ƙarya ba tukuna. Dalilin da ya sa cajar da kamfanin ya yi wa Pi 4 take fitar da 5.1 ke nan, da waya gajeriya mai kauri a manne. In soket ya yi nisa, ka ja wayar wutar gida ta zo kusa, kar ka tsawaita ta USB.

Nura Mai Gyaran Waya: Na ji batun caja. Amma fa shi da bakinsa ya ce ya ga 82. Wannan ba caja ce ta kawo ba. Ni dai ina nan a kan bakata, fanka.

Injiniya Bala: Ban ce babu zafi ba, Nura. Cuta biyu ce a jikinsa, na ce a fara da wadda ke lalata memori. Zafi rage gudu kawai yake sawa. Ƙarancin wuta kuwa yana iya katse na'urar tana tsakar rubutu a memori, ka dawo ka tarar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Game da bidiyon Turawa da ke tayar wa Aminu hankali, ga abin da mutane ba sa lura da shi. Firosesa ba shi da wani zafi nasa da aka yanke masa. Abin da yake yi shi ne ya ɗora nasa a kan na iskar da ke kewaye da shi. Wanda ya ɗauki bidiyon yana zaune a ɗaki mai digiri 20 ko 22, allon a buɗe a kan tebur, ya ga 47. Wato ƙari ne na kusan 25. Kawo wannan allon, ba tare da ka canza komai ba, cikin ɗakin kwano a Kano ƙarfe biyu na rana a Afrilu, inda iskar ɗakin ta haura 40. Ka riga ka wuce 65 ba a fara aiki ba. Sa shi cikin roba ka rufe, iskar ciki ta ƙara ɗumi. Ɗora masa yara ashirin. Ina mamakin 82? An ƙirƙiro abin nan a Cambridge ta Ingila, ya fito kasuwa a 2012, a ƙasar da in rana ta kai 30 sai a yi ta maganarta a labarai. Takardar bayanin Pi 4 ta ce yana aiki a iska mai digiri 0 zuwa 50, to mu a bazara muna can saman wannan iyaka, amma muna ciki.

Sadiya Zariya: Salam. Na shigo a makare, na karanta daga sama. Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ina so in ƙara wa Aminu abu ɗaya da ba ya cin kuɗi. Ka tabbata manhajarsa ta zamani ce. Lokacin da Pi 4 ya fito a watan Yuni 2019 an yi ta ƙorafin zafinsa, daga baya a cikin shekarar suka saki gyare-gyaren da suka rage wutar da yake ci, har da ta ɓangaren da ke kula da USB, zafin ya sauka. In tsohon allo ne da ba a taɓa sabunta shi ba, `sudo apt update` sannan `sudo apt full-upgrade`, ka kuma duba `sudo rpi-eeprom-update`. Na san naka ba ya kan intanet, sai ka ɗauke shi ka kai inda akwai data na yini ɗaya.

Na biyu, cire murfin robar nan yau ɗin nan, ka tsayar da allon a gefensa maimakon kwanciya. Iska mai zafi sama take yi, in yana tsaye tana shafar fuska biyu tana wucewa.

Nura Mai Gyaran Waya: Anti Sadiya, a cire murfi a makarantar yara? Kafin la'asar wani ya sa masa cokali.

Sadiya Zariya: Hahaha, gaskiyarka. To a kafe shi a bango can sama inda hannu ba ya kai.

Mai Sola Sakkwato: A'a, ba can sama ba. Ɗakin da ba silin, kusa ga kwano nan ne zafi ya fi taruwa. Hau tsani da rana ka ji yadda kanka ke gasuwa. A nemi ƙasa-ƙasa, jikin bangon da rana ba ta dukansa da yamma, a yi mishi ɗan keji na raga. Wi-Fi ɗin zai isa ɗaki ɗaya ko daga nan.

Batun fanka kuma, ni ban goyon bayanta ga abin da za a bari yana aiki dare da rana ba mai kula. Ƙaramar fankan nan mai milimita 30, hunturu ɗaya ta ishe ta. Ƙura ta shiga cikin gindinta, ta fara ƙara, ta fara tsayawa, wata rana ta tsaya cak. Kuma fanka da ta mutu ta fi rashin fanka muni, don ta toshe ramin da iska za ta fita, ga ƙurar da ta riga ta tara a kan allon ta zama bargo. Ni abin da nika sa wa mutane shi ne gidan alminiyam, irin wanda jikinsa duka shi ne mai zuƙe zafin. Akwai wani ginshiƙi a ciki da ke sauka ya danne kan firosesa, zafin ya bi ƙarfen ya bazu a jiki. Ba ƙara, ba abin da ke juyawa, ba ƙofar ƙura. Irin su Flirc da Argon NEO, da waɗanda ba su da suna masu haƙarƙari sama da ƙasa.

Nura Mai Gyaran Waya: Oga Mai Sola, wannan gidan in ka taɓa shi da rana sai ka janye hannu. Na taɓa gani wurin wani kwastoma. Ta yaya abin da ya fi zafi zai zama magani?

Mai Sola Sakkwato: Zafin da ka ji a hannunka shi ne wanda da yana ciki. In gidan ƙarfe ya yi sanyi alhali na'ura na aiki, to nan ne za ka damu, ma'ana ginshiƙin bai taɓa firosesa ba, ko an manta ba a sa ɗan lallausan abin nan da ke shiga tsakaninsu ba, ko an sa ba a ɓare ledar da ke jikinsa ba. Wannan na ƙarshe ya fi yawa.

Sadiya Zariya: Ga Pi 4 na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma kar wani ya karanta wannan ya je ya yi wa Pi 5 haka ya ɗora masa aiki mai nauyi a bazara. Ni shi nake amfani da shi wajen aikin bincikena. Ya fito a Oktoba 2023, gudunsa 2.4GHz, na Pi 4 kuwa 1.5 ne, daga baya aka ɗaga zuwa 1.8. Yana cin wuta fiye da yayansa sosai, kuma duk wutar da na'ura ta ci zafi take komawa. Su kansu masu shi sun sa masa soket na fanka a jikin allon, suka kuma fitar da abin sanyayawa da suke kira Active Cooler, ƙarfe da fanka a haɗe. Kuma ba kullum take juyawa ba. Ƙasa da 50 a kashe take. A 50 ta fara a hankali, a 60 ta ƙara, a 67.5 ta ƙara, a 75 ta saki duk ƙarfinta. Sai dai abin dariyar shi ne a nan wurinmu, daga Maris zuwa Mayu, da wuya ka gan ta a kashe da rana, don allon ba ya sauka ƙasa da 50 ɗin.

Mai Sola Sakkwato: To kin ga maganata ke nan, Malama. Kullum tana juyawa, kullum tana shan ƙura.

Sadiya Zariya: Bazara nake magana, ba hunturu ba. Lokacin ƙurar ai shi ne lokacin sanyi, a Disamba da Janairu yawanci hutawa take yi. Kuma tawa a kan teburina take, ina ganinta, ina share ta da ɗan burushi. Naka na ƙauye ne da ba mai zuwa sai bayan wata shida. Ba abu ɗaya muke magana a kai ba.

Baba Idi Rediyo: Assalamu alaikum. Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Ni ban san Pi sosai ba, jikana ne ya sa ni cikin wannan zaure, amma na yi shekaru ina gyaran rediyo da talabijin tun zamanin masu bututu. Maganar Bala cewa ba zai ƙone ba, na yarda. Amma rashin ƙonewa yau daban, tsawon rai daban. Abin da muka koya a kan kafasita masu ruwa a ciki shi ne duk ƙarin digiri goma yana raba kwanansu biyu. Talabijin ɗin da ke ɗakin kwano da wanda ke ɗakin soro, iri ɗaya, shekara ɗaya aka saye su, na kwano ne ke fara zuwa shagona. Don haka ni ba zan ce wa yaro 78 ba komai ba ne don kawai bai kai 80 ba.

Injiniya Bala: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na ja da wannan ƙa'ida, gaskiya ce. Sai dai a kan allon Pi 4 yawancin kafasitocin na siramik ne, ba masu ruwan da ke bushewa ba. Inda masu ruwan suke shi ne cikin caja da cikin inbata. Shi ya sa a irin wannan aiki abin da ke fara mutuwa caja ce ko memori, allon kuwa yana nan. Amma na karɓi gyaranka ta wannan fuska: wanda yake zaune a 78 ba shi da sauran fili. Rana ta ƙara ɗan zafi, ko yara biyar su ƙaru, ya faɗa cikin rage gudu. Ni abin da nake nema a bazara shi ne in yana cikin aiki sosai ya tsaya wajen 70 ko ƙasa. In ya zauna a 60 da wani abu ba aiki, ban damu ba ko kaɗan.

Baba Idi Rediyo: To mun kusa haɗuwa. Ni dai da za a samu 60 cikin aiki da na fi so.

Injiniya Bala: A ɗakin da iska ke 43, Baba, sai da fanka mai ƙarfi. Kuma ko fanka ko ƙarfe, babu wanda zai sauke shi ƙasa da zafin iskar ɗakin. Iyakarsu su rage tazarar.

Nura Mai Gyaran Waya: To a sa shi cikin randa mana. Ko tukunya cikin tukunya irin ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta ciyo masa kyautar Rolex a 2000. In tana ajiye tumatir da yalo ai za ta ajiye kwamfuta.

Sadiya Zariya: Allah ya shirye ka Nura. Da wasa kake, amma wani zai gwada. Waccan dabara da jiƙaƙƙen yashi take aiki, ruwa na tashi yana tafiya da zafi, cikin tukunyar kuma danshi ne zalla. Tumatir na son haka, allon lantarki tsatsa zai yi. Haka wanda zai ce a sa a firij: ka fito da shi cikin iska mai ɗumi, raɓa ta kwanta a kansa, ka kunna, shi ke nan.

Hamza Kaduna: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Waɗannan ƙananan ƙarafan masu gam a baya da ake haɗowa da gidan roba, guda uku ko huɗu a leda, suna da amfani kuwa? Kuma nawa Pi 3B+ ne, na ga yana rage gudu tun a 60, ba 80 da kuke faɗa ba.

Injiniya Bala: Ƙananan ƙarafan suna ɗan taimakawa in iska na wucewa ta kansu. A cikin rufaffen roba kuwa jinkirta zafin kawai suke yi na 'yan mintuna, daga nan komai ya cika ya koma yadda yake, don zafin ba shi da mafita.

Naka 3B+ lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi. Shi kaɗai ne da ɗan'uwansa 3A+ ke da wata iyaka ta farko a 60, inda yake sauka daga 1.4GHz zuwa 1.2 don kar ya yi saurin kaiwa 80. A ƙasarmu wannan na nufin kusan kullum a 1.2 yake. In ka sa masa ƙarfe mai kyau, za ka iya ɗaga iyakar zuwa 70 da layin `temp_soft_limit=70` a cikin config.txt, fayil ɗin saitin na'urar. Ba ta wuce 70.

Hamza Kaduna: Na gode Injiniya. Fankar da nake da ita mai waya biyu ce, ja da baƙa. Ina zan soka?

Injiniya Bala: Ja a fil na 4, wanda ke ba da bolt 5, baƙa a fil na 6. In ƙararta ta dame ka, mayar da jar zuwa fil na 1 mai 3.3, za ta juya a hankali, in dai tana iya tashi da wannan ƙarfin. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka soka ta kai tsaye a filolin GPIO na sarrafawa don ka riƙa kunna ta da manhaja. Waɗannan 'yar wuta kaɗan suke iya bayarwa, wajen miliamfiya 16, fanka kuwa ta ninka haka sau da yawa. Sai da taransista a tsakani, ko ka sayi mai waya uku da aka yi don haka.

Aminu Ɗalibi: Salam, na dawo da rahoto. Na samo caja mai 5.1 da gajeriyar waya, na ja soket kusa. Na cire murfin, na sauko da shi ƙasa cikin kejin raga kamar yadda Oga Mai Sola ya ce. Gidan alminiyam ban samu ba tukuna, an ce sai an yi oda. Jiya da rana shafuka na buɗewa ba matsala. Da yamma na duba, lambar ta zama 0xe0000. Wannan kuma fa? Ga harafi ya shigo ciki.

Injiniya Bala: Madalla. Sifilin ƙarshe na nufin a lokacin da ka duba babu abin da ke damunsa. Harafin e kuma a wannan lissafi 14 ne, wato 2 da 4 da 8. Babu 1 a ciki, saboda haka wuta ba ta gaza ko sau ɗaya ba tun da ka kunna. An gama da caja. Sauran ukun na gaya maka cewa a wani lokaci cikin yinin zafi ya sa ya rage gudu. Ka ga yanzu maganar Nura ta zo kan layi.

Nura Mai Gyaran Waya: Alhamdu lillahi, yau an ce Nura ya yi gaskiya. A rubuta.

Mai Sola Sakkwato: An ce akwai zafi, ba a ce fanka ba.

Injiniya Bala: Kafin odar ta iso akwai abin da za ka iya yi, Aminu. Aikin Kiwix ba ya buƙatar duk gudun Pi 4, miƙa shafuka kawai yake yi daga memori. Buɗe config.txt, a sabon tsarin yana cikin /boot/firmware, ka sa `arm_freq=1200`, in akwai layin `arm_boost=1` ka mayar da shi 0. Direban da ya san tayarsa na zafi a hanyar Kano zuwa Maiduguri ai ba ya jira ta fashe, sassautawa yake tun da wuri. In kuma ka ɗora masa tsarin mai tebur da linzami alhali ba wanda ke haɗa masa allon kallo, sa shi ya riƙa tashi ba tare da shi ba, ta raspi-config, manhajar saitin Pi. Yara ba za su ga bambanci ba.

Ɗanjuma Maraɗi: Salamu alaikum jama'a, ina bin ku tun jiya daga nan Nijar. Ni tawa matsalar daban ce. Ina haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai da tsohon firij, ina so Pi ya riƙa lura da zafi yana kunna ƙwan fitila yana kashewa, yana kuma juya tiren. Na yi niyyar kafe shi a ciki daga sama don wayoyi su yi gajarta. Ciki digiri 37.5 ne kullum. Tunda kun ce yana jure iska har 50, ke nan ba laifi?

Sadiya Zariya: Malam Ɗanjuma, zafin ba shi ne abin tsoro ba, 37.5 ma ta fi ɗakin Aminu sanyi. Danshi ne. Ƙwan kaza na son danshi sama da kashi 50 cikin ɗari, kwana ukun ƙarshe daga cikin 21 ɗin kuma ana ƙara shi sosai. Ga gashin 'yan tsaki da ke tashi in sun fara fitowa, yana manne wa komai. Sannan shi kansa Pi ɗin ɗan murhu ne mai wat uku zuwa sama da ba za ka iya kashewa ba. A Afrilun Maraɗi, inda wahalarka ita ce hana cikin wuce 38, ba ka son ƙarin zafi ko kaɗan a ciki.

Mai Sola Sakkwato: Kuma kar ka aje shi bisa inbata ko cikin akwatin batir, kamar yadda mutane ke yi don wurin ya yi tsabta. Wurin nan ya fi ko'ina zafi, batir mai ruwa kuma yana fitar da tururin da ke cin ƙarfe. In daga batir 12 za ka ba shi wuta, nemi ɗan abin rage wuta mai kyau ka saita shi a 5.1 da mita kafin ka haɗa. Akwatin da za ka sa shi ka huda ƙasa da sama, ka rufe ramukan da ragar sauro, in ba haka ba tururuwa da tsaka za su tare a ciki.

Injiniya Bala: Ni ma in ƙara, ga wannan aiki Pi mai cikakken tsari ya yi yawa. Ƙananan alluna irin su Raspberry Pi Pico ko ESP32 sun isa. Wutar da suke ci ba ta kai ta yi zafin damuwa ba, ba su da memorin da zai lalace in wuta ta ɗauke, kuma da wuta ta dawo nan take suke ci gaba, ba sai an jira sun tashi ba. Ga ƙwai wannan ya fi komai muhimmanci.

Ɗanjuma Maraɗi: Pi ɗin ne a hannuna yanzu, Injiniya, Pico sai wani ya zo daga Kano. In na bar shi a waje, wayar ma'aunin zafin za ta kai mita biyu da rabi. DS18B20 gare ni, mai bakin ƙarfe. Ba zai ba ni lambar ƙarya ba saboda tsawon?

Injiniya Bala: Ba zai ba ka ba. Shi lamba yake aikowa, ba ƙarfin wuta ba, don haka mita biyu da rabi ba komai ba ne a wurinsa. Ka ba shi wayoyinsa uku cikakku, ja a 3.3, ka sa rizista mai 4.7k tsakanin jar da ta saƙo, ta saƙon kuma a GPIO4, sannan ka kunna 1-Wire a raspi-config. In ka ga yana ba ka 85 daidai ba ya motsi, ba zafi ba ne, lambar da yake farawa da ita ce kafin ya auna, duba haɗin wutarsa. Ka rataye bakin daidai tsayin saman ƙwan, nesa da fitila, ka gwada shi da ma'aunin zafin jiki na kemis kwana biyu kafin ka zuba ƙwai.